Riƙon yara bayan saki: tarihin sulhu a ƙasarmu

Jama'a, in aure ya mutu, miji ya kama gabansa, mata ta koma gidan iyayenta. To, yara fa? Wurin wa za su zauna? Wannan tambaya tsohuwa ce, kuma tun dā sulhu ne ke amsa ta.

A al'adar Hausawa ana cewa ɗa na uba ne. Uwa takan tafi da na goye. In an yaye shi, ko in ya kai shekara 7, sai uba ya aiko a ɗauko shi. Amma ba a barin mutum biyu masu fushi su yanke magana su kaɗai. Waliyyan aure da dattawan dangi su ke zama. In ta gagara a kai wa mai gari, daga nan sai fadar sarki.

Addini ma ya zo da sulhu. A suratun Nisa'i, aya ta 35, an yi umurni da a samo mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Malamanmu mabiya Imamu Malik ne. Suna karanta Risala, littafin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. A wannan littafi uwa ce ke da riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In uwa ta rasu, ko ta auri wani, riƙo ya koma ga kaka, sannan ƴar'uwar uwa. Ci da tufafi kuwa suna wuyan uba.

Kun ga al'ada da littafi ba su faɗi abu ɗaya ba. Shi ya sa masu sulhu ke da babban aiki. Su ke duba shekarun yaro, da halin gidan uba, da halin gidan uwa.

Da Nasara suka zo, ƙasarmu ta zama mallakar Faransa. Kumandan yakan zauna shari'a tare da dattawa masanan al'ada. Amma yawancin maganganun aure ba su isa gabansa, a gida da fada ake kashe su.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, dokar 1962 ta ce a bi al'adar mutane cikin sha'anin aure da saki da gado. Alƙali yana zama tare da masanan al'ada. A 1974 aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, ita ma ta shiga sasanta ma'aurata. Dokar 1993 ta tabbatar wa sarakunan gargajiya ikon yin sulhu tsakanin talakawansu. Ku lura, sulhu aka ba su. Wanda bai yarda ba yana da damar zuwa gaban alƙali.

A 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin yara, wadda ta sa amfanin yaro a gaba. Dokar 2004 kuma ta ce a bi al'ada muddin ba ta saɓa wa irin wannan yarjejeniya ba. An yi ƙoƙarin kafa dokar iyali guda ɗaya, a 1994 da 2011, amma jama'a ba su daidaita a kanta ba.

Mine ne darasin wannan tarihi? Zamani ya sake, masu mulki sun sake, amma zaman sulhu bai gushe ba. Abin da ya ƙaru shi ne takarda. Dā maganar baki ce da shaidu, kuma shaida yakan mutu ko ya manta.

Saboda haka, ƴan'uwa, in an zauna sulhu ku nemi a rubuta abubuwa huɗu: wurin wa yaro zai zauna, mi uba zai riƙa bayarwa na hatsi ko kuɗi, yaushe ɗayan zai ga ɗansa, wa zai kula da lakwal da magani. Yanzu kun iya karatu. Ku karanta takardar da idonku kafin ku sa hannu, ku adana ta wuri mai kyau. Igiyar aure tana tsinkewa, amma yaro yana bukatar uwa da uba har ya girma.