2.3 Gasar Ajami da Boko a Karkarar Arewacin Kano

A wannan sashe za a duba yadda sabo ke sa mai rubutu ya riƙe hanya ɗaya, ya ƙi wata. Misali, masu tsara manhajar kwamfuta sun daɗe suna jayayya a kan vi da Emacs, manhajojin rubutu biyu da suka ɓulla a Amurka a 1976, kowa na yabon wadda hannunsa ya saba da ita.

Ƙasar Hausa ta riga su ganin irin wannan gasa. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, da ajami ake rubuta Hausa. A 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, hukuma kuma ta rungumi boko. Duk da haka, a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta manomin da ya yi karatun allo ya ci gaba da rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami.

Bambancin shi ne, mai manhaja ba ya asarar komai saboda zaɓinsa. Shi kuwa manomin, sai aka riƙa lasafta shi cikin jahilai, har a 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira.