"Ai Mai Taɓin Hankali Ne": Tarihin Amsar Da Amurka Ta Saba Bayarwa Bayan Harbi

Yau tarihi za mu taɓa, kuma Amurka muka nufa.

Duk mai bin labaran can ya san yadda abin yake. Wani ya shiga makaranta ko kanti ya buɗe wuta, tun kafin a gama ƙirga gawa an fara cewa ai mai taɓin hankali ne. To, wannan amsar ba yau aka fara ba da ita ba.

Ranar 1 ga Agusta, 1966, wani tsohon soja mai suna Charles Whitman ya hau hasumiyar Jami'ar Texas da ke Austin ya riƙa harbin mutane daga sama, ya kashe fiye da goma. Da aka duba gawarsa sai aka sami ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Likitoci ba su taɓa cimma matsaya cewa ƙarin ne ya sa shi ba, amma labarin ya zauna a zukatan mutane. A 1968, bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisa ta yi dokar taƙaita mallakar bindiga, ta haramta ta ga duk wanda kotu ta ce hankalinsa ba daidai ba, ko aka taɓa tura shi asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas.

Akwai abin da ke faruwa a gefe a lokacin, kuma a ganina shi ne tushen tsoron. A 1955 mutum sama da 550,000 ne ke kwance a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohi. A 1963 Shugaba John Kennedy ya sa hannu kan dokar da ta yi alƙawarin gina ƙananan cibiyoyi a cikin unguwanni, don a daina kulle mutane shekara da shekaru. Niyya mai kyau ce. Sai dai an yi ta sallamar majinyata, cibiyoyin kuwa da yawa ba a gina su ba. Mutum ya fito, ba magani, ba wurin kwana. Ina zai je? Titi, ko gidan yari. Ka ga ke nan Ba'amurke ya koma yana ganin mai larurar ne a bakin hanya, ko a hannun 'yan sanda. Wani bincike da ya kwatanta ra'ayin jama'a na 1950 da na 1996 ya gano cewa masu kallon mai larurar a matsayin mutum mai haɗari ƙaruwa suka yi.

Sai kuma 30 ga Maris, 1981, John Hinckley ya harbi Shugaba Reagan. A 1982 kotu ta ce ba za a kama shi da laifi ba saboda larurar ƙwaƙwalwa. Jama'a suka fusata, har a 1984 aka tsaurara dokar wannan uzurin.

Daga nan maganar ta zama makamin siyasa. A Disamban 2012 aka kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook. Mako guda bayan haka, Wayne LaPierre na ƙungiyar masu kare mallakar bindiga, NRA, ya fito yana ƙorafin cewa babu rajistar masu taɓin hankali ta ƙasa baki ɗaya. Ku lura, rajistar marasa lafiya yake so, alhali ƙungiyar tasa ta daɗe tana yaƙar rajistar bindigogi. A Agustan 2019, bayan harbin El Paso, Shugaba Trump ya ɗora laifin kan taɓin hankali da ƙiyayya, ya wanke bindiga. Amma maharin nan ya yi tuƙin sa'o'i kusan goma, ya wallafa dalilinsa a intanet, ya je neman 'yan asalin Meziko. Wannan shiri ne, jama'a, da wariyar launin fata.

Me alƙaluma suka ce? Jeffrey Swanson na Jami'ar Duke ya ƙiyasta cewa kusan kashi 4 cikin 100 na cin zarafin da ake yi wa wasu ne kawai za a iya danganta shi da larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani ita kaɗai. Wato ko yau aka warkar da kowa, kusan kashi 96 na nan daram. Binciken MacArthur na 1998 ya bi majinyatan da aka sallama, ya tarar waɗanda ba sa shaye-shaye ba su fi maƙwabtansu tada hankali ba. Kuma Ingila da Japan ai suna da masu larurar nan, amma ba a harbe-harbe irin na Amurka a can.

Inda larurar da bindiga suka haɗu da gaske, wani wuri ne daban, kuma ba a cika son maganarsa ba. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Wanda ake nunawa da yatsa ana cewa ku guje shi, sau da yawa kansa ne ke cikin haɗari.

Kada mu yi saurin yi musu dariya fa. Mu nan Najeriya dokar "mahaukata" ta 1958, gadon mulkin mallaka, muka yi ta amfani da ita har Janairun 2023. Kuma kowa ya san yadda kalmar mahaukaci ke rufe bakin magana a garuruwanmu, da yadda iyali ke ɓoye ɗansu don kada a rasa mai auren ƙannensa.

Mu koma Amurka. A Janairun 2013 jihar New York ta yi dokar da ta wajabta wa likitocin ƙwaƙwalwa kai rahoton majinyacin da suke ganin zai iya cutar da kansa ko wani. Likitoci da yawa suka yi ƙorafi. Damuwarsu ita ce, mutumin da ya san sunansa zai shiga kundin hukuma idan ya faɗi abin da ke ransa, shiru zai yi, ko ma ya daina zuwa asibitin gaba ɗaya.

Nan za mu tsaya yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.