DARIYA KAN ABIN KUKA: DAGA WASAN JIKA DA KAKA ZUWA GIDAN BADAMASI



Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna shirin Gidan Badamasi a 2019, gardama ba ta ƙare ba a majalisunmu, daga Maradi har Yamai. Labarin dattijo ne mai dukiya da tarin 'ya'ya, kowane ɗa ya sa ido kan gado alhali uban yana raye. Wasu cikinmu suna dariya har da hawaye, suna cewa haka abin yake a gidajen masu kuɗi. Wasu kuwa ransu ke ɓaci, su ce uba da mutuwa ba abin wasa ba ne, kuma yara na kallo.

To, mu dubi baya kaɗan. Dariya kan abin kuka ba talabijin ta kawo mana ita ba. Jika yakan ce wa kakarsa ta daɗe, ta ba mutane wuri, ita kuma ta rama da abin da ya fi wannan zafi. Bahillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, suna jifan juna da maganganun da a bakin wani sai a kai ga sarki. Wannan wasan na dangantaka shi ne hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. 'Yan kama kuma da yunwa da kwaɗayi suke wasa, har su kwaikwayi karatun malamai. Ko yunwar 1984 da ta cinye dabbobi ta kori mutane daga garuruwansu, iyayenmu sun sa mata suna El Buhari, don ta zo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya. Mutanen da ke cikin wahalar su ne suka raɗa sunan.

Amma ku lura, kowane wasa yana da shinge. An san wa ke da izinin taɓa wa. Abin da jika zai faɗa wa kaka, ɗa ba ya faɗa wa uba. Tashe yana da watansa, wasan kara na Damagaram da ake kwaikwayon masu mulki yana da ranarsa. Wanda ake yi wa wasan yana nan zaune, yana iya ramawa.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, an raya samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa, teyatur ya samu gindin zama. Da Tele Sahel ta soma aiki a ƙarshen shekarun 1970, wasannin su Yazi Dogo na ƙungiyar Damagaram suka shiga ko'ina. Suna taɓa rigimar gado, boka maƙaryaci, ma'aikaci mai cin hanci. A Kaduna kuma ga Samanja, Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mai da zaman bariki abin dariya. A lokacin, akwati ɗaya unguwa guda ke taruwa a kansa, a filin samariya ko ƙofar gidan wani alhaji. In wasa ya wuce gona da iri, tsakin dattijo ɗaya ya isa yara su gane.

Zamanin kaset da faifai ya zo da su Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sannan tauraron ɗan adam, sannan waya. Yau kowa shi kaɗai yake kallo. Ana yanko minti ɗaya daga cikin shiri a watsa ta WhatsApp, babu farko babu ƙarshe. Wasan da aka yi kan gado sai ya faɗo a wayar marainiyar da 'yan uwan mahaifinta suka cinye mata gona. Ita ba za ta yi dariya ba, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi. Maƙwabcinta da bai taɓa shiga rabon gado ba, shi ko a jikinsa. Nan ne bambancin masu kallo yake: shingen ya faɗi, wasan ya shiga gidan da ba a yi sallama ba.

Mu a ganinmu, hana irin wannan wasa ba shi ne magani ba. Da wasa ake faɗa wa mutum abin da ba ya son ji, kuma magaji mai haɗama da ya ga kansa a talabijin ya ji kunya, an yi riba. Abin tambaya shi ne, wa ake yi wa dariyar? In ɗan da ke ƙirga kwanakin ubansa ne, to a yi ta. In kuwa gurgu ne don gurguntarsa, ko mai taɓin hankali, ko matar da ke takaba, wannan ya zama cin fuska, kuma kakanninmu ma ba su yarda da shi ba.

Masu shirya wasanni su riƙa tunawa da wanda zai kalla yana cikin makoki. Mu kuma masu turawa, mu duba wa muke tura wa kafin mu danna. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.