Nunar da mangwaro da ayaba da kabayid: yadda yake aiki da illarsa ga lafiya

Tsirrai ma suna da homon, wato sinadaran da ke ba su umarnin lokacin tsiro, da fitar da fure, da zubar da ganye. Oksin ne ke karkata tsiro wajen hasken rana, jibarelin kuma shi ke ƙara wa kara tsayi. Wanda ya shafi abin da kake ci kai tsaye shi ne etilin, wata iska da ɗan itace ke fitarwa idan ya ƙosa. Ita ke mayar da sitaci sukari, ta tausasa tsoka, ta kuma sauya launin ɓawo. Wani masani ɗan Rasha, Dimitri Neljubow, ya gano tasirinta a 1901, kuma a 1934 aka tabbatar cewa 'ya'yan itace da kansu suke samar da ita.

Shi ya sa idan ka haɗa ɗanyen mangwaro da nunanniyar ayaba a kwali ka rufe, yakan nuna cikin 'yan kwanaki. Ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su. Lemo da kankana da abarba ba sa ƙara zaƙi. Wannan nunar ba ta da illa, domin homon ɗin tsiro ba ya aiki a jikinka irin na mutum.

Yawancin ayabar da kake saya a Kazaure ko Karkarna ko Roni daga kudu ake kawo ta ɗanya, don kada ta lalace a hanya. Wasu 'yan kasuwa, a ko'ina cikin ƙasar nan, sukan gaggauta nunarta da kabayid, dutsen nan mai launin toka na masu walda. Idan ya sha laima sai ya fitar da iskar asitilin, wadda ke kwaikwayon etilin. Matsalar ita ce kabayid na walda yana ɗauke da gurɓin asenik da fosfaras, kuma ragowar garinsa na ƙona fata da ido. Hukumar NAFDAC ta hana nunar da kayan marmari da shi, ta kuma yi gangamin wayar da kai a 2023. Indiya ta haramta shi, amma ta yarda a yi amfani da etilin.

Cin irin wannan na iya jawo raɗaɗin baki da maƙogwaro, ciwon ciki, amai, gudawa, ciwon kai da jiri. Asenik da ya daɗe yana shiga jiki na iya haddasa ciwon daji. A ganinmu mai ɗura kabayid kullum a rufaffen ɗaki ya fi mai cin ayaba ɗaya shiga haɗari.

Ka lura da ayabar da ta yi rawaya tas amma wuyanta kore ne, da mangwaron da ɓawonsa ya nuna alhali cikinsa na da tauri da tsami, da farin gari ko wari kamar na tafarnuwa. Alamomin ba tabbas ba ne, don haka ka wanke duk abin da ka saya da ruwa mai yawa, ka feraye ɓawon, musamman idan yaro ko mai juna biyu za a ba. Mafi sauƙi, ka sayi ɗanye ka nunar a gida.

Idan garin ya taɓa fata, a kakkaɓe shi a bushe kafin a wanke. Idan ido ya shiga, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Yaron da ya haɗiye shi kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi Babban Asibitin Kazaure ko asibiti mafi kusa, tare da ragowar abin da ya ci.