Hannun jarin manyan kamfanoni

Hannun jarin manyan kamfanoni, wanda a Turance ake kira blue chip, shi ne hannun jarin kamfanin da ya daɗe da kafuwa, yake da jari mai yawa, kuma aka san shi da samun riba shekara da shekaru. Babu wata hukuma da ke ba kamfani wannan laƙabi. Masu zuba jari ne ke ba shi bisa la'akari da tarihinsa.

Asalin suna

An samo sunan daga wasan karta na poker, inda ake amfani da ƴan faya-fayai masu launi a madadin kuɗi, kuma shuɗin ne ya fi daraja. An fara amfani da kalmar a kasuwar hannun jari ta Amurka a shekarun 1920.

Siffofi

Irin waɗannan kamfanoni galibi suna kan gaba a fanninsu, kuma suna rarraba wa masu hannun jari wani kaso na ribarsu a kai a kai. Misali, kamfanin Coca-Cola ya shafe fiye da shekaru 60 a jere yana ƙara kason da yake biya. Hannun jarinsu yana da saurin sayuwa saboda yawan masu ciniki a kansa, kuma farashinsa ba ya yawan hawa da sauka kamar na ƙananan kamfanoni. Sai dai bai cika ninkuwa cikin ɗan lokaci ba, domin kamfanin ya riga ya girma. Wannan ya sa asusun fansho da kamfanonin inshora suke yawan sayensa.

Ma'aunai

Ana bin diddigin farashinsu ta hanyar ma'aunin kasuwa. Ma'aunin Dow Jones na Amurka, wanda Charles Dow ya ƙirƙiro a 1896 da kamfanoni 12, yana ɗauke da kamfanoni 30 tun 1928. A Landan akwai FTSE 100, wanda aka fara a 1984. A Najeriya kuma akwai NGX 30, kuma ana lissafa Dangote Cement, MTN Nigeria, bankin Zenith da Nestlé Nigeria cikin manyan kamfanonin kasuwar. Akwai ma'aunai da ke tace kamfanoni bisa shari'ar Musulunci, inda ake cire bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa da kamfanonin giya da caca, kamar Dow Jones Islamic Market da aka fara a 1999.

Haɗari

Girman kamfani yana rage haɗarin asara, amma ba ya kawar da shi. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumban 2008 bayan shekaru 158 da kafuwarsa. General Motors ya shiga fatarar kuɗi a 2009, masu tsohon hannun jarinsa suka yi asarar dukiyarsu. Kodak ma ya bi sahu a 2012, bayan kyamarar dijital ta kashe kasuwar fim ɗin hoto. General Electric, wanda yake cikin kamfanoni 12 na farko, an cire shi daga ma'aunin Dow Jones a 2018.

Idan kamfani ya karye, masu bin sa bashi ake fara biya, masu hannun jari su ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a rage musu komai. Saboda haka masana harkar kuɗi ke ba da shawarar a raba jari tsakanin kamfanoni da fannoni daban-daban, a kuma duba rahoton kuɗi na kamfani na baya-bayan nan kafin a saya, maimakon dogaro da sunansa kawai.