Rijiyar da malaman jami'a ke ɗiba

'Yan'uwa, kowane malami da rijiyar da yake ɗiba, ta malamin jami'a kuwa ita ce maktaba. A 1902 aka buɗe Kwalejin Gordon a Hartum, wadda ta zama Jami'ar Hartum a 1956. A cikinta aka keɓe Maktabar Sudan, inda ake tara abin da aka rubuta a kan ƙasar nan domin masu bincike. A 1972 jami'ar ta kafa Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya. Nan ne Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya koyar, kuma a 1999 ya wallafa littafi kan yadda Hausar Sudan ta cuɗanya da Larabci. Ta haka harshen da muke yi a Umbadda ya shiga hannun manazarta.

Sai ga yaƙin 2023. Wuta ta cinye maktabar Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta Jami'ar Ahliyya a nan Umdurman, duk takardar da ba ta da kwafi ta tafi ke nan. Saboda haka wanda ke riƙe da gafakar kakansa, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya raba wa dangi. Ranar da maktabu suka farfaɗo, malamai za su nema. Allah Ya kawo zaman lafiya, amin.