Sa'a ɗaya a mako: tarihin wani mudu

A 1982, taron masana ƙididdigar ƙwadago da hukumar ILO ta kira a Geneva ya tsayar da ƙa'ida: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi, ko na sa'a ɗaya ne, mai aiki ne. Najeriya ta ci gaba da awo da nata mudun, wanda daga bisani ya sanya duk wanda bai cika sa'a 20 a mako ba cikin marasa aiki. A Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta rungumi mudun Geneva, sai rashin aiki ya sauko daga kashi 33.3 zuwa 4.1. Mai ƙosan da ke suya da sassafe kaɗai ta shiga lissafi, amma alƙaluman ba su tambayi ko cinikinta na ciyar da gida ba.